Tabbatar da Hukunci Ba Tare da Bayyana Dalili Ba

Tabbatar da hukunci ba tare da bayyana dalili ba wata hanya ce da wasu kotunan ɗaukaka ƙara ke bi wajen kammala shari'a. Alƙalai su karanta rubutattun jawaban lauyoyi, su duba kundin shari'ar, wani lokaci har su zauna su saurari ɓangarorin da baki, sannan su fitar da takarda mai layi ɗaya da ke cewa hukuncin ƙaramar kotu yana nan daram. Ba su faɗi wace hujja ta rinjaye su ba, ba su kuma ce uffan kan ƙorafe-ƙorafen wanda ya ɗaukaka ƙarar ba. An fi sanin wannan hanya a Amurka, musamman a kotunan ɗaukaka ƙara na jihar Fulorida da kuma kotun tarayya ta musamman da ke Washinton wadda ke duba ƙararrakin haƙƙin mallakar ƙirƙira. Akwai makamanciyarta a manyan kotunan Holan da Faransa.

Ƙa'idar da ta mamaye wannan babi ita ce: irin wannan hukunci sakamako kawai yake tabbatarwa, ba dalilan da ƙaramar kotu ta bi ta kai ga sakamakon ba. Kusan duk rikicin da ke tasowa a kansa daga wannan bambanci yake fitowa.

Kamanninsa da abubuwan da ake rikita shi da su

A Fulorida takardar kan ƙunshi sunayen masu shari'a, lambar ƙara, sunan alƙalin da aka ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa, sai kalmomin Latin "per curiam", wato da sunan kotu baki ɗaya ba da sunan wani alƙali ba, sai kalma ɗaya mai nufin "an tabbatar". A ƙasa a jera sunayen alƙalai uku da suka amince. Lauyoyin jihar suna kiranta da haruffa uku, PCA, wato taƙaitawar "per curiam affirmed".

Ba daidai take da hukuncin da ba a buga a kundin rahotannin kotu ba. Shi wanda ba a buga ba yana ɗauke da dalilai, ko da a sakin layi biyu ne, sai dai ba ya ɗaure sauran kotuna. Kuma a kotunan tarayya an halatta wa lauyoyi ambaton irin waɗanda aka fitar daga 1 ga Janairu 2007 zuwa yau. Haka kuma ta bambanta da ƙin ba da izinin ɗaukaka ƙara, kamar yadda Kotun Ƙolin Amurka ke yi wa mafi yawan ƙararrakin da ake kai mata, domin a can kotun ba ta shiga gundarin maganar ba sam. Akwai kuma na kunnen doki: bayan rasuwar Mai Shari'a Antonin Scalia a 2016 alƙalan Kotun Ƙoli suka koma takwas, aka yi huɗu da huɗu a wasu manyan shari'o'i, ciki har da ta gwamnatin tarayya da jihar Texas kan shirin baƙin haure na gwamnatin Obama. Jimla ɗaya aka rubuta, hukuncin ƙasa ya zauna, amma ba don alƙalai sun yarda da shi ba, sai don babu rinjayen da zai rushe shi.

Asalinsa

Tsohuwar muhawara ce ko wajibi ne kotu ta rubuta dalilanta. A 1859 Kotun Ƙolin Kalifoniya, ta bakin Mai Shari'a Stephen Field, ta ce majalisa ba ta da ikon tilasta mata hakan. Daga baya aka sanya wajibcin a cikin tsarin mulkin jihar kansa, kuma har yau yana nan: duk hukuncin Kotun Ƙoli ko kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya da ya raba gardama a shari'a sai ya kasance a rubuce tare da dalilai. Tsarin mulkin tarayya kuwa bai ƙunshi irin wannan sharaɗi ba.

Abin da ya mayar da shirun ƙa'ida a rubuce shi ne cunkoson ƙararraki daga shekarun 1960. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Biyar, mai mazauni a New Orleans, wadda a lokacin ke kula da jihohi shida na kudu daga Texas zuwa Fulorida, ta kafa Ƙa'ida ta 21 a 1970, kuma babban alƙalinta John R. Brown ya yi dogon bayani a wata shari'ar ƙwadago ta wannan shekara kan dalilin da ya sa daga yanzu ba za a riƙa yin bayani a wasu shari'o'in ba. Ƙa'idar tana nan har yanzu a ƙarƙashin lamba 47.6. A 1972, a shari'ar Taylor da McKeithen, Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotunan ɗaukaka ƙara suna da faffaɗan zaɓi kan ko za su rubuta bayani da kuma yadda za su rubuta shi. Abin lura, a wannan shari'ar ma sai da ta mayar da ƙarar ƙasa, domin kotun Shiyya ta Biyar rushe hukunci ta yi ba tare da bayani ba, kuma Kotun Ƙoli ta rasa abin da za ta duba.

Ƙa'ida ta 36

Cikin kotunan ɗaukaka ƙara 13 na tarayya, wadda aka kafa a 1982 a Washinton ita kaɗai ce hurumi ya bi nau'in shari'a ba yanki ba: haƙƙin mallakar ƙirƙira, cinikin ƙasa da ƙasa, kwangilolin gwamnati, haƙƙoƙin tsofaffin sojoji da na ma'aikatan tarayya. Ƙa'idarta ta 36 ta ba ta damar tabbatar da hukunci ba tare da bayani ba idan bayanin ba zai zama madogara ga shari'o'in gaba ba, kuma ɗaya daga cikin abubuwa biyar ya tabbata: babu kuskure bayyananne a abin da ƙaramar kotu ta gano na haƙiƙanin abin da ya faru, ko shaidar da masu taya alƙali yanke hukunci suka dogara da ita ta wadatar, ko kundin shari'a ya goyi bayan yanke hukunci ba tare da cikakken zaman sauraron shaidu ba, ko matakin wata hukumar gwamnati ya cancanci tabbatarwa bisa ma'aunin da doka ta gindaya, ko kuma babu kuskuren doka a hukuncin. Takardar ba ta faɗin wanne cikin biyar ɗin aka bi. Lambar ƙa'idar kawai take ambata.

A aikace, lauya ya shafe watanni yana rubutu, ya samu minti 15 a gaban alƙalai uku, ya amsa tambayoyi masu zafi, bayan 'yan kwanaki takardar ta iso. Saurin isowarta kansa alama ne: wanda ya ɗaukaka ƙara idan ya ga sanarwa daga kotu a makon da aka yi zama, ya san ta faɗi ba nauyi.

Gardama ta yi ƙamari bayan dokar 2011 da ta sauya tsarin haƙƙin ƙirƙira, ta kafa kwamitin alƙalan hukuma da ke iya soke haƙƙin da aka riga aka ba mutum. Ƙararraki daga wannan kwamiti suka kwararo, Ƙa'ida ta 36 ta zama ruwan dare. Masu suka sun kafa hujja da sashe na 144 na dokar haƙƙin ƙirƙira, wanda ya ce idan kotun ta gama duba ƙarar da ta fito daga ofishin rajistar ƙirƙira za ta aika wa daraktansa umarninta da kuma ra'ayinta. Suka ce kalma ɗaya ba ra'ayi ba ce. Malamin shari'a Dennis Crouch ya shimfiɗa wannan hujja a wata maƙala ta 2017, kuma kamfanoni da dama sun kai batun Kotun Ƙoli, ba ta karɓa ba.

Fulorida: inda shiru ke rufe ƙofa

A mafi yawan wurare hukuncin da babu dalili yana wahalar da ɗaukaka ƙara ta gaba ne kawai. A Fulorida yana hana ta ɗungurungum, kuma wannan ba kuskure ba ne, da gangan aka tsara.

An kafa kotunan ɗaukaka ƙara na gundumomi a jihar a 1957 da niyyar su zama zangon ƙarshe ga yawancin shari'o'i. Yau su shida ne, ta shidan ta fara aiki a Janairun 2023. Kotun Ƙolin jihar an bar mata warware saɓani ne idan hukuncin wata gunduma ya ci karo da na wata. Amma a 1965, a shari'ar Foley da Weaver Drugs, kotun ta ce ko da gunduma ba ta rubuta komai ba, tana iya leƙa kundin shari'ar ta gano saɓanin da kanta. Ƙofa ta buɗe, ƙararraki suka yi mata katutu. A 1980 masu zaɓe suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar da ya ƙara sharaɗi guda: saɓanin sai ya fito ƙarara a cikin hukuncin, kuma kai tsaye. A wannan shekara, a shari'ar Jenkins, Kotun Ƙoli ta ce kalma ɗaya ba ta iya saɓa wa komai ƙarara, don haka ba ta da hurumin duba PCA, ko da ɗaya daga cikin alƙalan uku ya rubuta shafuka yana nuna kuskuren abokan aikinsa. Ra'ayin mai saɓawa ba hukuncin kotu ba ne.

Ko an ƙara ambaton wata tsohuwar shari'a a gefen kalmar, Kotun Ƙolin jihar ba ta samun hurumi, sai a yanayi ɗaya da shari'ar Jollie ta 1981 ta ware: idan shari'ar da aka ambata tana gaban Kotun Ƙoli ana duba ta, ko an riga an rushe ta. Hikimar a fili take. Bai kamata mutum biyu masu matsala iri ɗaya su rabu da sakamako daban ba don kawai an rubuta wa ɗaya bayani an jingina ɗayan a kansa.

Shari'ar Palmore da Sidoti ta nuna abin da ke iya ɓuya a ƙarƙashin wannan kalma. Wasu ma'aurata farar fata suka rabu a Fulorida a 1980, aka ba uwa riƙon 'yarsu mai shekara uku. A shekara mai zuwa uban ya koma kotu yana neman riƙon, saboda uwar tana zaune da wani baƙar fata, wanda ta aura ba da jimawa ba. Alƙali bai sami wani aibu a kulawar da take yi wa yarinyar ba, amma ya karɓe riƙon ya ba uban, bisa dalilin cewa yarinyar za ta sha tsangwama daga jama'a idan ta fara makaranta. Kotun ɗaukaka ƙara ta gunduma ta biyu ta tabbatar ba tare da kalmar bayani ba, abin da ya toshe hanyar Kotun Ƙolin jihar. Sai da aka tsallaka zuwa Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1984 ta rushe hukuncin da murya ɗaya, ta bakin babban alƙali Warren Burger. Haka aka yi a shari'ar Hobbie ta 1987, ta matar da aka kora daga aiki don ta ƙi yin aiki a ranar ibadarta ta Asabar, aka kuma hana ta kuɗin tallafin marasa aikin yi. Waɗannan biyun sun taki sa'a ne: kotun da ake kai wa dubban buƙatu a shekara, a 'yan shekarun nan ba ta cika sauraron fiye da sittin zuwa saba'in ba.

Me shirun ke nufi a idon doka

Ga masu shari'ar kansu bakin alƙalami ya bushe. Hukuncin ya zama na ƙarshe, ba a sake tayar da wannan ƙara tsakaninsu. Ga kowa kuwa ba madogara ba ne. Kotun Ƙolin Fulorida ta faɗi haka a 1983, kotun Washinton kuma ta ce a shari'ar Rates Technology ta 2012 hukunci ƙarƙashin Ƙa'ida ta 36 bai amince da wani yanki na dalilan ƙaramar kotu ba, bai kuma yi watsi da shi ba. Dalili shi ne kotun ɗaukaka ƙara tana iya tabbatar da hukunci bisa duk wata hujja da ke cikin kundi, ko da ba ita alƙalin farko ya bi ba. Mai yiwuwa ta ga alƙalin ya yi daidai. Mai yiwuwa ta ga ya yi kuskure amma kuskuren bai sauya sakamako ba. Mai yiwuwa kuma lauya ne bai yi ƙorafi a lokacin da ya dace ba, batun ya faɗi tun a ƙasa. Daga waje ba a iya bambancewa.

Matsala tana fitowa idan ƙaramar kotu ta jingina hukuncinta a kan ginshiƙai biyu, kowanne ya isa shi kaɗai. A shari'ar TecSec, kamfanin mai wannan suna ya kai kamfanin IBM da wasu kamfanoni ƙara. Aka fara da IBM, alƙali ya ba IBM gaskiya bisa dalilai fiye da ɗaya, ciki har da yadda ya fassara kalmomin takardar haƙƙin, kotun sama ta tabbatar a shiru. Da aka zo kan sauran kamfanonin sai suka ce fassarar ta riga ta zauna. A 2013 kotun ta ce a'a, tunda ba a san kan wane ginshiƙi ta tsaya ba, fassarar ba ta ɗaure kowa ba, aka dawo da maganar sabuwa. Lokacin da aka yi tattali a karon farko sai aka biya shi ninki.

Kotun Ƙolin Amurka tana da nata salon. Idan ta tabbatar da hukunci a taƙaice a ƙarar da doka ta wajabta mata dubawa, shari'ar Hicks da Miranda ta 1975 ta ce ƙananan kotuna sai su bi, ta Mandel da Bradley ta 1977 kuma ta taƙaita biyayyar ga ainihin batun da aka gabatar kuma dole aka yanke. Tun dokar 1988 da ta soke mafi yawan ƙararrakin wajibi, irin wannan ya ragu ƙwarai.

Inda abin ya fi tsauri shi ne ga fursunan da ya ƙare hanyoyinsa a kotunan jiha ya nufi kotun tarayya. Dokar 1996 ta hana alƙalin tarayya sakin sa sai in kotun jiha ta yi wa doka fassarar da hankali ba zai ɗauka ba. To idan kotun jiha ba ta faɗi komai ba fa? A shari'ar Harrington da Richter ta 2011 aka ce alƙalin tarayya shi zai ƙiyasta dalilan da za su iya goyon bayan hukuncin, ya girmama su. Wato fursuna zai yi gardama da hujjojin da babu wanda ya taɓa furta su. A 2018, a shari'ar Wilson da Sellers, aka sassauta: idan wata kotu a ƙasa ta bayyana dalili, ana ɗauka cewa shirun na sama ya bi wannan dalili ne, sai in jiha ta nuna akasin haka.

Abin da ya rage wa lauya

Kaɗan ne. A Fulorida yana da kwana 15 ya shigar da roƙon a sake dubawa, ko a rubuta bayani, ko a miƙa wata tambaya ga Kotun Ƙoli a matsayin mai muhimmanci ga jama'a. Roƙon rubuta bayani sai ya nuna takamaiman abin da bayanin zai amfanar, misali hukuncin wata gunduma da zai ci karo da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita gardamar da aka riga aka sha kaye a kanta, ko huce haushi a kan alƙalai. Duka biyun ba sa kai wa ko'ina. Alƙalan da suka yi shirun su ne masu yanke hukunci kan roƙon, kuma idan suka ƙi, shari'ar R.J. Reynolds da Kenyon ta 2004 ta ce Kotun Ƙolin jihar ba ta da hurumin tilasta musu. Wani kuskuren mai tsada shi ne ɓata lokaci a ƙofar Kotun Ƙolin jihar: kwana 90 na zuwa Kotun Ƙolin Amurka suna tafiya ne daga hukuncin gunduma ko ranar da ta ƙi sake dubawa.

Masu kare tsarin suna da hujjar da ba a raina ta. Kaso mai yawa na waɗannan ƙararraki roƙe-roƙe ne da fursunoni ke rubutawa da hannunsu karo na uku ko na huɗu, da kuma waɗanda lauyan gwamnati mai kare marasa hali ya karanta kundi ya shaida wa kotu cewa bai ga abin ɗaukaka ƙara ba. Rubuta bayani a kan kowace irin wannan zai cinye lokacin shari'o'i masu sarƙaƙiya, ya cika kundaye da maimaici. Raunin hujjar shi ne rubutu da kansa gwaji ne: sau da yawa alƙali yakan zauna rubuta abin da ya ɗauka mai sauƙi ne sai ya tarar ba ya rubutuwa.

A Turai

Sashe na 81 na dokar tsarin kotunan Holan ya ba Kotun Ƙolin ƙasar damar watsi da ƙorafi da jimla ɗaya da aka saba, idan amsa shi ba ta shafi haɗin kan doka ko bunƙasarta ba. Kotun Ƙolin Faransa ta samu irin wannan dama da dokar 2001. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a shari'ar García Ruiz da Sifaniya ta 1999 kotun sama tana iya wadatuwa da amincewa da dalilan ta ƙasa. Amma a 2014, a shari'ar Hansen da Norwe, ta ce an tauye haƙƙin mai ƙara, domin kotun tsakiya ta ƙi ƙararsa ba dalili alhali akwai wata kotu a samanta da zai so zuwa.

Bambanci da tsarin Najeriya

Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kotu bayar da hukunci a rubuce cikin kwana 90 da kammala jawaban ƙarshe, ya kuma ce kowane alƙalin Kotun Ƙoli ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ya bayyana ra'ayinsa a rubuce ko ya rubuta cewa ya bi na abokin aikinsa. Abin da ake da shi a nan jinkirta dalili ne, ba barinsa ba, kuma a shari'ar zaɓe aka fi ganinsa saboda wa'adin kwana 60 na ɗaukaka ƙara. A 30 ga Oktoba 2019 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar Atiku Abubakar kan zaɓen Muhammadu Buhari, ta bayyana dalilanta a 15 ga Nuwamba.

Kotun ƙarshe ce kawai ke da wannan rangwame. A shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi na 2011, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Sa'idu Usman Dakingari, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a ƙarshen Disamba ta ce dalilai na nan tafe, ba ta kawo su ba sai a Janairu, bayan kwana 60 sun shige. A 24 ga Fabrairu 2012 Kotun Ƙoli ta ce hukuncin da dalilansa suka zo bayan wa'adi ba hukunci ba ne, ta soke shi, na kotun zaɓe ya dawo. Aka sake zaɓe a ƙarshen Maris, Dakingari ya sake lashewa.